Sharuɗɗan Ƙungiyar Malaman Nijeriya Game da Buɗe Makarantu a Lokacin Annoba

A cikin shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya, an yi wajen wata bakwai ana ja-in-ja a kan ranar da za a buɗe su. Masu baki a cikin al'amarin suna da yawa: ga Gwamnatin Tarayya, ga gwamnonin jihohi, ga masu makarantun kuɗi, ga likitoci da iyayen yara da hukumomin jarrabawa. Wadda za mu duba a wannan takarda ita ce Ƙungiyar Malaman Nijeriya, wadda a ke kira NUT a taƙaice, da sharuɗɗan da ta gindaya kafin 'ya'yanta su koma aji. Waɗansu mutane sun ɗauki sharuɗɗan nan maganar likitoci ce malamai suka ara, waɗansu kuwa suka ce dabarar tsawaita hutu ce. Nufinmu shi ne mu nuna cewa mafi nauyinsu tsohuwar magana ce ta ruwa da ɗaki da yawan malamai, annoba ce kawai ta tono ta, kuma a ƙarshe jarrabawa ce ta buɗe ƙofofin makarantu tun ba a cika sharuɗɗan ba.

Ƙungiyar tsohuwa ce. An kafa ta a 1931, sa'ad da ƙungiyar malaman Legas ta haɗu da ta hedimastocin Ijebu, shugabanta na fari kuwa shi ne Rabaran I. O. Ransome-Kuti. A Arewa Malam Aminu Kano ne ya tsaya har aka kafa ƙungiyar malamai a 1948, sai a 1972 malaman Arewa suka haɗe da NUT, aka zama tsintsiya ɗaya. 'Ya'yanta malaman firamare ne da na sakandare na gwamnati. Kada mai karatu ya gama ta da ƙungiyar malaman jami'a, watau ASUU, gama ita ma ta yi zaman gida na wata tara a shekarar nan, daga Maris zuwa Disamba, amma nata yajin aiki ne a kan tsarin biyan albashi da kuɗin gyaran jami'o'i, ba shi da dangantaka da cuta.

Kafin mu shiga labarin 2020 ya wajaba mu koma baya shekara shida, domin a nan ne aka fara jin waɗannan sharuɗɗa. Ran 20 ga Yuli 2014 wani mutum ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Makarantu suna cikin dogon hutu a lokacin. A ƙarshen Agusta Ministan Ilmi, Malam Ibrahim Shekarau, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya ba da sanarwa kada kowace firamare ko sakandare ta buɗe sai 13 ga Oktoba. Masu makarantun kuɗi suka yi ta kuka, cutar kuma ta fara lafawa, sai gwamnati ta jawo ranar baya zuwa 22 ga Satumba. Nan fa NUT ta tubure, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Michael Olukoya. Ta umurci malamai kada su koma sai an koya musu yadda a ke gane cutar, an ba makarantu ma'aunin zafin jiki, an tanadi ruwa da sabulu. Shugaba Jonathan ya roƙe su, amma jihohi da dama suka ɗaga ranar, Legas ma sai 8 ga Oktoba ta buɗe makarantunta. Ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da Ebola, bayan ta kama mutum 20 ta kashe 8. Da tsoro ya wuce sai maganar ruwa ta bi shi. Bokitan da aka raba suka fashe, ma'aunai suka ci batirinsu aka jefa su a cikin kabad ɗin hedimasta, makarantar da ba ta da rijiya kuwa ta ci gaba da zama ba ta da ita.

To, ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na fari mai korona a Nijeriya, wani Ba'italiye da ya sauka a Legas. Gwamnonin Arewa maso Yamma suka taru a Kaduna suka shirya rufe makarantunsu na kwana 30 daga 23 ga Maris, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya kuma ta ba da umurnin rufewa ran 19 ga watan. Kwana 30 suka wuce ba wanda ya tayar da maganar buɗewa, gama a watan Afrilu ne aka yi ta mace-macen nan na Kano, waɗanda yawancinsu dattawa ne. Daga baya Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979, kuma mai yiwuwa ne kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce ta kashe su. Wanda ya ke so ya yi wa malamai adalci sai ya tuna da wannan. Malamin da ya haura shekara hamsin, ga hawan jini ko ciwon sukari, ya ga ana ta wucewa da makara ta ƙofar gidansa, ba za a ce tsoronsa na ƙarya ba ne.

Daga ƙarshen Yuni ne al'amari ya rikice. Ran 29 ga Yuni kwamitin Shugaban Ƙasa na yaƙi da cutar, wanda Boss Mustapha ya ke shugabanta, ya ce 'yan ajin ƙarshe suna iya komawa, watau 'yan firamare 6 da 'yan aji 3 na ƙaramar sakandare da na babba. Ran 6 ga Yuli Ƙaramin Ministan Ilmi, Chukwuemeka Nwajiuba, ya ce za a fara jarrabawar WAEC ran 4 ga Agusta. Bayan kwana biyu tak, ran 8 ga Yuli, sai babban Minista, Malam Adamu Adamu, ya warware maganar, ya ce makarantun Tarayya ba za su buɗe ba, ya fi son yara su rasa shekara guda da a jefa su cikin haɗari, kuma ba hukumar jarrabawa ce za ta yanka wa Nijeriya ranar komawa ba. Ran nan kuwa ita ce ranar da jiragen sama suka koma tashi tsakanin Legas da Abuja. Jihar Oyo ba ta ma jira kowa ba, tun 6 ga Yuli ta mai da 'yan ajin ƙarshe.

A cikin wannan ruɗani ne shugabannin NUT, watau Dokta Nasir Idris, wanda ya zama Gwamnan Kebbi a 2023, da Babban Sakatare Dokta Mike Ene, suka riƙa maimaita sharuɗɗansu. In mutum ya dube su da kyau zai ga iri biyu ne. Akwai waɗanda a ke saye a kasuwa a kawo cikin mako guda: takunkumin fuska, ma'aunin zafin jiki, man tsabtace hannu, da feshin magani a azuzuwa. Akwai kuma waɗanda sai an gina, ko an haƙa, ko an ɗauki mutum aiki: ruwa mai gudana, rage cunkoson aji, da ƙarin malamai. Ma'aikatar Ilmi ba ta musa ko ɗaya ba. Takardar ƙa'idodin da ta fitar a tsakiyar Yuli ta ƙunshi kusan dukansu, har da tazarar mita 2 tsakanin yaro da yaro, da shawarar a raba yara kashi-kashi, waɗansu da safe waɗansu da rana, ko kuwa waɗansu yau waɗansu gobe. Ashe a kan abin da ya kamata a yi ba a yi jayayya ba. Jayayyar tana kan wa zai yi, da kuɗin wa, kuma ko za a buɗe kafin a yi.

Bari mu tsaya a kan tazarar nan, gama ita ce uwar sharuɗɗan, kuma kowane malamin kwalejin horon malamai yana iya sa ɗalibansa su auna ta da igiya. Ɗauki aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8, wanda ba ƙarami ba ne a makarantunmu. A bar wa malami da allo mita 2 a gaba. In aka jera yara ko wanne mita 2 daga ɗan'uwansa ta kowace fuska, za a sami layi 4, kowane layi yara 4, jimla 16, sa'an nan fa an manna na gefe da bango. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35 a firamare. Ke nan ajin da ya bi doka sau da ƙafa ma sai an raba shi fiye da biyu. Ina kuma ga ajin da ya ke da yara 80, wanda ba abin mamaki ba ne a cikin birnin Kano ko Kaduna, inda waɗansu su ke zaune a ƙasa, waɗansu a kan taga? Wannan sai an kasa shi kashi 5. In kowane kashi zai zo yini guda, yaro zai ga allo sau ɗaya a mako. In aka yi safe da rana, zai sami rabin yini biyu, malami kuwa zai yini a tsaye daga hantsi har la'asar yana maimaita darasi guda sau biyar, manhaja tana tafiyar hawainiya. In kuwa a ke so kowane yaro ya sami karatunsa cikakke, sai a gina ɗakuna 4 a ɗauki malamai 4 saboda wannan aji kaɗai. Ba gwamnatin da za ta iya wannan cikin zango guda, balle a shekarar da farashin man fetur ya faɗi har aka sake kasafin kuɗin Tarayya, aka rage ƙiyasin ganga daga dala 57 zuwa 28.

Lissafin ruwa ma haka ya ke. A ce makaranta tana da yara 1,000, kowa zai wanke hannu sau 3 a yini da rabin lita. Lita 1,500 ke nan, watau jarka 60 mai cin lita 25, kura biyar ko shida ta 'yan ga-ruwa, kullum, ban da na sha da na ban-ɗaki. Inda akwai rijiyar burtsatse wannan ba kome ba ne. Inda babu, sai hedimasta ya saya, shi kuwa an hana shi karɓar kuɗi daga yara tun da dokar 2004 ta ce ilmin tushe kyauta ne kuma dole. Bokiti mai famfo da a ke ɗaukar hotonsa ran bikin rabon kaya abu ne mai sauƙi, cika shi ran Laraba ta mako na shida shi ne aiki. Ma'aunin zafin jiki kuma, in guda ɗaya ne a bakin ƙofa, kowane yaro ya ci daƙiƙa 5, yara 1,000 za su ci fiye da minti 80, suna cunkushe a layi suna numfashi a ƙeyar juna. Ga shi an ƙirƙiro cunkoson da a ke gudu.

A nan ya kamata mu faɗi abin da aka sani yanzu wanda bai bayyana sosai ba a tsakiyar 2020. Cutar ta fi yaɗuwa ta iska, watau ta numfashin mai ita a cikin ɗaki rufaffe, kamuwa ta taɓa benci ko ƙofa kuwa kaɗan ce. Mutane da yawa, musamman yara, suna ɗauke da ita ba tare da zazzaɓi ba, ma'auni ba zai kama su ba. Yara kuma ba safai ta ke kwantar da su ba, manya da tsofaffi ta fi yi wa lahani. Saboda haka feshin da aka kashe kuɗi a kansa, aka yi wa azuzuwan da suka yi wata biyar ba kowa a ciki, amfaninsa bai kai na buɗe taga ba. Wanke hannu yana da ladansa, sai dai ya fi tsare yaro daga gudawa da kwalara fiye da korona. Abin da ya fi amfani shi ne iska da takunkumi da rage cunkoso, da kuma janye malamai tsofaffi ko marasa lafiya daga aji. Har ma a iya cewa ajin nan namu da tagoginsa suka ɓalle ya fi ajin Turai mai gilashi da na'urar ɗumama ɗaki samun iska, karatun gindin bishiya kuwa ya fi su duka. Haɗari na gaske yana ɗakunan kwana na makarantun kwana, inda a ke jera gadaje a rufe ƙofa saboda sauro. A watan Oktoba na shekarar aka sami mutum 181, ɗalibai da ma'aikata, ɗauke da cutar a wata makarantar kwana ta kuɗi a Legas. Watau dai sharuɗɗan da suka fi arha su ne mafi ƙarancin amfani, su ne kuma aka fi cikawa, domin su a ke iya nunawa a talabijin.

Sa'an nan ga matsalar wanda a ke yi wa magana. Shugabannin ƙungiya suna Abuja, Minista yana Abuja, jaridu kuma maganarsu su ke bugawa. Amma makarantun sakandare da Gwamnatin Tarayya ta mallaka a 2020 guda 104 ne kawai, waɗanda a ke kira makarantun haɗin kan ƙasa. Sauran dubbai na jihohi ne da ƙananan hukumomi da masu zaman kansu. Tsarin mulkin 1999 ya sa ilmi a cikin abubuwan da Tarayya da jihohi su ke tarayya a kansu, albashin malamin firamare kuwa daga rabon ƙaramar hukuma a ke cirewa, hukumar ilmin tushe ta jiha ta biya. Kuɗin gine-gine na hukumar UBEC, watau kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, ba ya fita sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa, shi ya sa ya kan yi shekaru yana kwance ba a ɗauka ba. Minista yana iya rubuta ƙa'ida, ba shi da ikon haƙa rijiya a firamaren ƙauye. Shi kansa Malam Adamu, ran da ya warware maganar buɗewa, roƙon jihohi ya yi su bi sahunsa, bai umurce su ba. Saboda haka sharaɗi guda da aka faɗa a Abuja ya rabu gida 36 da babban birni, ko wane reshe na ƙungiya yana fama da gwamnansa, waɗansu ma suna bin bashin albashi, waɗansu ba a fara ba su mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 ba. Reshen da ya ke roƙon albashin watan jiya ba ya iya tsayawa kai da fata a kan sabulu.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Makamin ƙungiyar ma'aikata yajin aiki ne, yajin aikin malami kuwa ma'anarsa rufe makaranta, har iyaye su damu su matsa wa gwamnati. A 2014 makamin ya ci, domin gwamnati ce ta ke son buɗewa a ranar da ta sa, jinkirin da malamai su ke nema kuma na mako biyu ko uku ne. A 2020 makarantar tana rufe tun asali. Gwamnan da ba ya son kashe kuɗi ba ya asarar kome in ta ci gaba da zama a rufe, har ma ya huta da ciyar da 'yan makarantun kwana. In malamai suka ce ba za su koma ba, fushin iyaye a kansu zai sauka.

Gwada da waɗansu ƙasashe zai ƙara fito da wannan. A Ingila, farkon Janairu 2021, babbar ƙungiyar malamai ta shawarci 'ya'yanta na firamare su dogara da wani sashe na dokar aiki ta 1996, wanda ya ba ma'aikaci damar ƙin shiga wurin da ya ke ganin akwai haɗari ga ransa. Makarantu da yawa suka buɗe ran 4 ga Janairu, da daren ranar Firayim Minista Boris Johnson ya ce a rufe su. A birnin Shikago na Amurka kuma, a watan nan, malamai suka jefa ƙuri'a suka ƙi shiga aji, sai a Fabrairu aka daidaita a kan gwaji da allurar rigakafi da iskar ɗakuna. Abin lura shi ne a wuraren nan biyu malamai sun ce za su ci gaba da koyarwa daga gida ta kwamfuta, suna da hanya ta uku tsakanin buɗewa da rufewa. Malamin firamare na Nijeriya ba shi da ita. Jihohi da dama, har da Kano da Kaduna, sun sa darussa a rediyo da talabijin, ƙoƙari ne kuma abin yabo, amma mutum kaɗan ne su ke karantawa a gidan rediyo, sauran malamai suna zaune. Rediyo ba ya duba littafin yaro, ba ya kuma sanin wanda ya tashi ya tafi talla.

To, ta wannan fuska ce za a iya sukar ƙungiyar, kuma sukar tana da ƙarfi. Tun kafin annoba Hukumar UNICEF tana ƙiyasta yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. A inda zuwa makaranta bai kafu ba, kowane wata na rufewa yana ƙara yawan waɗanda ba za su dawo ba: yarinya a yi mata aure, yaro ya shiga kasuwa ko gona ya ɗanɗani kuɗi. Tun farkon Yuni aka sassauta wa masallatai da coci-coci, ran 1 ga Yuli aka buɗe tafiya tsakanin jihohi, kasuwanni suna ci. Yaran da aka ce ana tsarewa daga cunkoson aji suna cikin cunkoson tasha da faranti a ka. Malaman makarantun kuɗi kuwa, waɗanda albashinsu daga kuɗin makaranta ya ke fita, kuma ba sa cikin NUT, da yawansu sun yi watanni ba ko kwabo. Wanda albashinsa ya ke zuwa, ko da a makare, ya fi samun bakin cewa a dakata. A ganinmu kuskuren ƙungiyar shi ne ta ɗaure sharuɗɗan duka a dami guda, ba ta rarrabe wanda za a cika kafin a buɗe da wanda za a rubuta yarjejeniyarsa a cika cikin shekara biyu ko uku ba. Sharaɗin da kowa ya san ba zai cika cikin wata guda ba, in aka ce sai da shi, ƙarshensa a tsallake shi gaba ɗaya, ba wanda zai sake tambaya. Da an fito daga watannin nan da takarda mai sa hannun kowane gwamna, rijiya kaza da aji kaza da malamai kaza kafin ƙarshen 2022, da an sami abin riƙewa.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya yanke jayayyar. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta ƙasashe biyar ce: Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Jarrabawarta ta 2020 da a watan Afrilu za a fara, aka ɗaga. Gana ta mai da 'yan ajin ƙarshe na sakandare tun watan Yuni, ta nuna ba za ta jira ba. A Nijeriya kimanin ɗalibai miliyan 1.5 ne suka yi rajista, an riga an biya kuɗi. Da Minista ya ce a haƙura da shekarar, jihohin Kudu maso Yamma suka ce su 'ya'yansu za su zauna, kwamishinonin ilmi na jihohin Arewa 19 kuwa suka goyi bayan Minista. Kowa ya ga inda abin zai kai: yaran wani sashe na ƙasa su wuce, na wani sashe su tsaya, sashen da zai tsaya kuwa shi ne wanda da ma ya ke baya. Ba gwamnan Arewa da zai iya ɗaukar wannan. Ran 27 ga Yuli aka yi taro ta intanet, da Ma'aikatar Ilmi da kwamishinonin jihohi da masu makarantun kuɗi da shugabannin hukumomin jarrabawa, da ita NUT ɗin, aka amince 'yan ajin ƙarshe su koma ran 4 ga Agusta, a fara jarrabawa ran 17. Kwana 19 ke nan tsakanin maganar Minista da wannan taro. Ba a gina aji a cikin kwana 19, ba a kuma ɗaukar malami.

Amma fa a yi adalci: buɗewar nan ta Agusta ita kaɗai ce lissafin tazara ya yi daidai a cikinta. Tun da 'yan ajin ƙarshe ne kawai suka dawo, ɗakunan sauran azuzuwa suna nan fayau, ana iya baza masu jarrabawa. Aka yi ta daga 17 ga Agusta zuwa 12 ga Satumba ba tare da wata babbar ɓarkewa ba. Sai wannan nasara ta zama hujjar buɗe sauran azuzuwa, alhali kuwa dalilin nasarar shi ne rashin sauran azuzuwan. Legas ta buɗe ran 21 ga Satumba, makarantun Tarayya ran 12 ga Oktoba, jihohin Arewa da yawa kuma a cikin watan Oktoba. Waɗansu jihohi suka gwada safe da rana na ɗan lokaci. Da makwanni suka shuɗe yara suka koma kamar yadda su ke, takunkumi ya sauka haɓa, daga haɓa ya shiga aljihu.

Ƙungiyar ba ta fita hannu rabbana ba, sai dai abin da ta samu daga wata ƙofa ya shigo. Ran 5 ga Oktoba 2020, Ranar Malamai ta Duniya, Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙara shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, shekarun aiki daga 35 zuwa 40. Maganar ritaya ta zama doka a 2022. Buƙata ce da ƙungiyar ta daɗe tana nema, tana kuma rage asarar gogaggun malamai, ko da ya ke akwai ban mamaki a ce a shekarar da cuta ta fi kashe tsofaffi ne aka ƙara wa malamin aji shekara biyar.

Cutar ta sake tasowa a watan Disamba, aka yi ta gardama a kan ranar komawa daga hutu, aka tsaya a kan 18 ga Janairu 2021 bisa ƙa'idodin da aka riga aka rubuta. Allurar rigakafi ba ta iso ba sai ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, makarantu sun riga sun yi watanni a buɗe. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar a watan Mayu 2023, waɗanda aka rubuta ta kashe a Nijeriya sun ɗan haura 3,100, ko da ya ke gwaji bai yawaita ba, adadin gaskiya ya fi haka. A Arewa kuwa, tun kafin tashin cutar na biyu ya kai ƙarfinsa wani dalilin rufewa ya riga ya shigo. Daren 11 ga Disamba 2020, wata biyu bayan komawa, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. A Fabrairu 2021 aka yi na Kagara a Jihar Neja, da na 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. Jihohi da dama suka sake rufe makarantun kwana, waɗansu na watanni, maganar ƙungiya da gwamnoni kuma ta koma kan katanga da masu gadi.